Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, malaman kimiyyar sinadarai da ɗalibai mambobi na Garwa, Marwa da Gaundare, ga bayanin kwamitin gudanarwa a kan ayyukan bana.

A taron farkon shekara aka yi ittifaƙi cewa mu tsaya a kan fanni guda, wato yadda ƙananan ƙwayoyin sinadari suke harhaɗa kansu da kansu, su fitar da tsarin da yake gane ƙarfe ɗaya a cikin ruwa, ya kama shi, ya bar sauran. Dalilin zaɓin ba ɓoyayye ba ne. Masu haƙar zinariya a Mayo-Rey da Betare-Oya, a nan Kamaru, suna aiki da zaiba, kuma babu wanda ya manta da gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 cikin lita ɗaya, adadin da ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ɗanɗanawa, ga shi injinan awonsa suna da tsada kuma suna nesa da ƙauyuka.

Darussan rani sun fara da ma'auni: nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Daga nan muka koma kan sabulu, domin ƙwayoyinsa suna dunƙulewa a ruwa, su ɓoye maiƙo a tsakiyarsu ba tare da kowa ya jera su ba. Sai muka karanta aikin Charles Pedersen, wanda a 1967 ya bayyana wasu sinadarai masu siffar zobe. Ɗaya daga cikinsu yana da zarra 18 a kewayensa, shida na iskar oksijin, kuma raminsa ya yi daidai da fotashiyam, alhali sodiyam, da yake ya fi ƙanƙanta, ba ya zama daram a ciki. Shi da Donald Cram da Jean-Marie Lehn na Faransa suka raba kyautar Nobel a 1987. Abin da ya fi burge ɗalibai shi ne guwanin, ɗaya daga tubalan DNA: guda huɗu suna riƙe juna su zama faifai, faya-fayan su hau kan juna, fotashiyam ya zauna a tsakani, kuma dalma ma tana shiga wannan gurbin. Zaiba ita ce take maƙalewa tsakanin taimin biyu, shi ma wani tubalin DNA ne.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne gwajin ƙurar zinariya. Mun tafasa gishirin zinariya da sitiret, wato gishirin sinadarin tsamin lemo, bisa hanyar da aka sani tun 1951, ruwan ya koma ja kamar zoɓo, irin jan layin da ake gani a gwajin zazzabin cizon sauro na asibiti. In ƙananan ƙwayoyin zinariyar da ke cikin ruwan suka cunkushe, launin yakan koma shuɗi. Da muka ɗiga ruwan wata rijiya mai kanwa, nan take ya yi shuɗi, har wasu suka fara salati suna cewa an gano guba. Ba a gano komai ba. Gishiri kawai ya isa ya cunkushe ƙwayoyin, kamar yadda muka tabbatar da gishirin miya. A ganin kwamiti wannan kuskuren ya fi dukkan darussan amfani, domin ya nuna cewa sauyin launi ba hujja ba ce matuƙar ba a lulluɓe zinariyar da abin da yake gane ƙarfe ɗaya tak ba. Saboda haka muka hana kowane mamba faɗa wa jama'a cewa rijiyarsu tana da guba bisa wannan gwajin. Zaren DNA da ake buƙata don wannan lulluɓin, wanda shi ne mataki na gaba, mun yi odarsa, amma dillalin bai kawo ba har shekara ta ƙare.

A fannin raba ƙarafa karatu kaɗai muka yi, musamman a kan sinadarai masu siffar ƙoƙo da ake tsamo ƙarfen siziyam da su daga sharar nukiliya a cibiyar Savannah River ta Amurka. A watan Oktoba kuma, da aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel saboda sinadaran da ake ginawa da zarrar ƙarfe da ƙwayoyi masu kabon, masu ramuka kamar saƙar zuma, mun yi zama na musamman a kansu.

Kwamitin kalmomi ya amince da "harhaɗa kai", amma har yanzu ana ja-in-ja tsakanin "ganewa" da "tantancewa", kuma malaman da suka yi karatu da Faransanci suna furta sunayen ƙarafa daban da waɗanda suka yi a Najeriya. Mambobinmu na Mokolo sun nemi a duba fulorayid da ke ɓata haƙoran yara a yankin Mayo-Tsanaga. Shi ba ƙarfe ba ne, amma mun sa shi a gaba cikin ayyukan baɗi.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Gishirin zinariya ne ya cinye mafi yawansu. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, Garwa