Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ciwon Hanta da Waɗanda Aka Yi wa Dashe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, 'yan'uwa da masu jinya, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin abin da ƙungiya ta yi a bana. Kafin komai, muna addu'a ga mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya cikin shekarar nan. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Awon jini ne ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu. An tambaye mu a taro, kuma tambayar na bisa hanya, me ya sa asusu ya karkata can alhali ga masu neman kuɗin magani. Wanda aka yi wa dashen hanta yana shan magani irin takrolimus iya rayuwarsa, domin a danne ƙwayoyin garkuwar jikinsa kada su far wa sabuwar hantar. In maganin ya yi ƙasa a jini, jiki ya fara ƙin hantar. In ya yi yawa, ƙoda ta jigata, hannu ya riƙa karkarwa, cututtuka su samu ƙofa a buɗe. Ido ba ya ganin wannan da wuri. Mutum na iya zama a shagonsa garau, sakamakonsa kuwa ya riga ya karkace.

Mun tarar wasu suna haɗiye ƙwayar safe sannan su tafi a ɗebi jini. Wannan asarar kuɗi ce, domin ana ɗibar jinin ne kafin shan na safe, kimanin awa 12 bayan na dare. Yanzu muna ce wa kowa: sa ƙwayar a aljihu, da an zare allura ka sha. Mun kuma raba littafin awo, bayan da wata baiwar Allah ta zo mana da takardunta cunkushe a ledar burodi, wasu ruwa ya cinye rubutunsu. A littafin ana rubuta kwanan wata, adadin takrolimus, awon hanta da na ƙoda, da yawan fararen ƙwayoyin jini. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga masu shan maikofenolet, wani maganin danne garkuwar jiki, domin yakan rage su. Shafi ɗaya za a ɗauka a waya a tura wa likita ta WhatsApp, ko yana Indiya ko Masar, ya ga inda aka dosa.

A laccar da muka shirya wa masu jinya, likitan da ya zo ya yi bayanin da har yau ake maimaita shi a cikinmu. Idan hanta ta gaza sosai, garkuwar jiki kan tashi da ƙarfi da farko, daga baya ta sanyaya. Akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira monosayit, masu ɗauke da alamar HLA-DR wadda da ita suke nuna wa sauran ƙwayoyi abokin gaba. Wani bincike na asibitin King's College da ke Landan, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna alamar tana raguwa ƙwarai a jikin waɗanda yawan farasitamol ya lalata musu hanta, kuma waɗanda tasu ta fi faɗuwa su ne suka fi shiga haɗari. Ana auna ta da irin na'urar da ake ƙidayar ƙwayoyin garkuwa na CD4 da ita ga masu HIV. Ba awon yau da kullum ba ne, amma darasinsa namu ne: irin wannan majinyaci na iya kamuwa da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. Idan ya fara rikicewa, ko yana barci da rana yana kwana ido biyu, a tafi asibiti, kada a jira jikinsa ya yi zafi.

Mun ja kunne kan tarin fuka, domin maganinsa rifamfisin yana zubar da takrolimus daga jini. Duk wanda za a sa wa maganin tarin ya gaya wa likitan dashensa tukuna. Lemon garehul kuwa ɗaga takrolimus yake yi a jini. Batun jiƙo da sassaƙe, don Allah iyayenmu mata, ko da niyyar alheri aka kawo, a mayar da shi.

Ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, mun fita wayar da kai kan gwajin hefataitis B da allurar rigakafin jarirai cikin awa 24 da haihuwa.

Abin da bai samu ba shi ne awon takrolimus a kusa. Har yanzu mambobin karkara suna aika jini gari mai nisa, sakamako ya iso bayan an wuce lokacin gyara magani. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma masu dashen ƙoda maganinmu ɗaya da su, don haka kwamiti ya yanke shawarar neman haɗin kai da su a baɗi, a riƙa tara jini a aika tare domin kuɗin ya sauka.

Ma'aji zai karanta lissafin asusu a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar, kuma kowa ya zo da littafin awonsa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya