Wasiƙa zuwa Kwatano kan tankin kifinka

Alhaji ƙarami,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Kuɗi na isowa hannun ƙanenka duk wata, gaisuwa ce dai ba ta samun mota. To, ba wannan ta sa na ɗauki biro ba. Maganar tankin kifin da ake gina maka a Ali Ɗan Sofo ce: maginin na shirin yin shafe ranar Asabar, alhali ko tiyo ɗaya bai shiga bango ba. Ka kira shi yau ka tsayar da shi. In siminti ya bushe aka dawo fasawa, wurin nan zai yi ta tsattsafo har abada.

Tsawo mita 3, faɗi 1, zurfi 1, lita 3,000 ke nan, tan uku na ruwa a cikin falo. Kada a huda ƙasan tankin ko kaɗan. Ruwa ya riƙa fita ta sama, ya gangara ƙaramin tankin tacewa da ke baya, famfo ya maido shi. Tiyon fita biyu za a sa, roban PVC mai faɗin milimita 63, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da santimita 2. Na saman zaman jira yake yi, don ranar da mataccen kifi ko ganye ya toshe na ƙasa. Na maidowa milimita 32 ya isa. Inda tiyo zai ratsa bango, a shafa masa kol, wato gam, a barbaɗa rairayi ya bushe tukuna, don siminti ba ya kama roba mai santsi. Kwana-kwanar tiyo a rage ta, kowace na cin ƙarfin famfo. Wanda aka rubuta wa lita 10,000 a awa, in ya hau mita ɗaya da rabi ya sha kwana, abin da zai ba ka ya ragu sosai, amma ya wadatar da tankin nan. Jan ƙarfe da tagulla kuwa kada su taɓa ruwan, guba ne ga kifi a hankali. Robine, wato kan famfo, shi ma na roba.

Ga abin da ya fi damuna. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, famfo ya tsaya, sai tiyon maidowa ya juya yana zuƙo ruwa baya. Fuskar tankinka murabba'in mita 3 ce, don haka kowane santimita da ruwa ya sauka lita 30 ne. Santimita 5, lita 150, ban da abin da ke cikin tiyo. A bar gurbin lita 200 babu komai a tankin tacewa, sannan a huda ƙaramin rami na milimita 4 a jikin tiyon maidowa, dab da fuskar ruwa daga ƙasa. Iska na shiga, zuƙar ta yanke. Ƙanenka ya nace a kan abin hana ruwa komawa baya. A sa in yana so, amma gansakuka na maƙale shi, kuma sai ranar da ake buƙatarsa yake ƙin rufewa. In ba a bar gurbin an huda ramin ba, kafet ɗin uwargida ne zai sha, kai kuwa ka san sauran zancen.

Af, Dogo ya sake aure. Wai wannan karon ya natsu. Mai shayi ya ce sai ya ga an yi suna kafin ya yarda, kuma har yanzu bashin jika biyunka na rubuce a bangon rumfarsa.

Ɗumamawa. Ka yi dariya a waya, wai wa ke dafa ruwa a Maraɗi. Zaman bakin teku ya mantar da kai asubar watan Janairu ke nan. Karfasa ta fi son digiri 26 zuwa 30. Ruwa ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage cin abinci, cuta ta samu ƙofa. Ɗaga lita 3,000 da digiri ɗaya kacal na cin kusan kilowat-awa 3.5. Daga 20 zuwa 26 kusan 21 ke nan, wato hita mai wat 1,500 ta yi awa 14 tana aiki, in ma zafin ba ya gudu. Kuma yana gudu, mafi yawa ta sama. Busasshiyar iskar hunturu na kwashe ruwa, ruwan na tafiya da zafi, yadda randa ke sanyaya kanta. Lita 10 ta tashi a yini, ka yi asarar kusan kilowat-awa 7. Saboda haka murfi ya riga hita muhimmanci. A rufe saman, a manna farin soson kwalin firji mai kaurin santimita 5 a bangon da ke kallon waje.

Hitar ka sayo ta can, uku masu wat 500, ba ɗaya babba ba. Ɗaya ta mutu, biyu na riƙe. Ɗaya ta maƙale a kunne, ba za ta iya dafa kifin ita kaɗai ba. A kwantar da su a sashen tankin tacewa da ruwa ba ya taɓa janyewa, don hita ta fito iska tana kunne ƙonewa take yi. A haɗa su da na'urar auna zafi ta daban mai yanke wuta a digiri 27, layin kuma ya bi ta makashin wuta mai tsinkewa a miliampiya 30, tunda yara za su sa hannu. Irin wadda ake tsomawa a bokitin wanka, kada ma a kawo ta gidan.

Akwai hanyar rage kuɗin kuran: baƙin tiyon ban-ruwa na milimita 25, mita 100, a naɗe shi a kan rufi, ƙaramin famfo ya zagaya da ruwa daga ƙarfe 11 zuwa 3 na rana kawai. Da dare a rufe shi, in ba haka ba sanyaya tankin zai yi. Ruwan farko da ya kwanta cikin rana yana ƙuna, a zubar da shi waje.

Daga Maris zuwa Mayu kuma sai a juya komai: a buɗe murfi, a sa fanka ta busa fuskar ruwa, a ƙara iska, don ruwan zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa sosai. Injin kumfa mai batir, wanda ke hura iska cikin ruwa, wajibi ne.

Kifi kuwa ba yanzu ba. Sabon siminti na sakin farar ƙasa cikin ruwa. A cika, a bari, a zubar, a yi ta maimaitawa na makonni. Ruwan famfon gari ya kwana biyu ana ba shi iska kafin ya shiga. Ƙanenka har ya yi wa wani masunci na Madarunfa alkawari, ka ja masa kunne.

Ka tambaye ni wani abu game da gilashin tankin, ka sake turo tambayar. Hajiya na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Ta ce man ja ɗin da ka aiko rabinsa ya zube a mota.

Naka,
Mai tiyo