Wasiƙar makaranta: aikin hutu na tattara tarihin ƙauyukanmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara, assalamu alaikum.

A hutun ƙarshen Disamba, ɗaliban CM1 da CM2, wato azuzuwa biyu na ƙarshe a firamare, za su koma gida da aiki ɗaya: kowane yaro ya zauna da tsoho ko tsohuwa, ya rubuto abin da suka sani game da ƙauyensu. Kun fi mu sanin dalili. Da an gama kai hatsi rumbu, samarin karkarar Damagaram sun kama hanyar Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Wasu sukan dawo da faɗuwar ruwa, wasu kuwa sai saƙon murya. Wanda zai karɓi labari daga bakin kaka ya miƙa wa jika ba ya gida.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne wajen shekaru. Kada yaro ya ce, "Kaka, wace shekara aka haife ki?" Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi. Sai ya tambaya: da aka samu ƴancin kai a 1960, kin yi wayo? Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a 1974, ana cikin babban fari, an yi miki aure? A yunwar 1984, wadda ake ce wa El Buhari, ƴaƴanki nawa? Da amsa biyu irin waɗannan, malami zai iya ƙiyasta shekarar.

Sunaye ne muka fi so, don su ne ke fara ɓacewa idan aka daina noma wuri: sunan kowace gona, tafki, kufai, da gawon da ake kwatance da shi. In rijiya ce, wa ya haƙa ta, gaba nawa ne zurfinta, yaushe ta ƙafe? A rubuta da Hausa, yadda tsohon ya faɗa.

Mai waya ya ara wa yaro ya ɗauki murya, bayan neman izinin mai magana. Minti 20 ya isa zama ɗaya, tsoho na gajiya. A shiga ɗaki ko zaure, don iskar hunturu takan cinye maganar ɗungum. Kada a tara dattawa wuri guda; ƙarami zai yi shiru saboda girmama babba, labarinsa ya tafi. Mata ma a same su daban, ga su nan da tarihin aure, waƙoƙin daka da abin da aka ci lokacin yunwa.

Abin da ya shafi rikicin iyakar gona ko asalin wani gida, a bar shi inda aka ji shi.

Littafin a sa shi cikin leda ko akwatin ƙarfe saboda gara. Yaron da kakanninsa ke nesa ya je wurin dattijon maƙwabta ko mai unguwa. A kawo aikin ranar komawa makaranta.

Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya.

Hukumar makaranta