Jan kunne ga sabbin masu shiga tseren Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja kunnen matasanmu masu shirin shiga tseren gudun fanfalaki na Legas karon farko, tseren da tun 2016 ake yi, galibi a watan Fabrairu. Sabon shiga ya bar wa tsofaffin hannu kilomita 42, ya yi rajistar kilomita 10, bayan atisayen mako takwas aƙalla, sau uku a mako.

Tarkon yana wurin tashi. Jama'a maƙil, kowa ya zabura, sabo ya bi yarima a sha kiɗa, kafin kilomita uku numfashi ya sarƙe. A tsaya daga baya, a yi kilomita biyun farko da saurin da za a iya magana ba haki. Kutsawa hagu da dama cin ƙarfi ne, nan kuma ake tuntuɓe. Mai son tsayawa ya ɗaga hannu ya ratse gefe tukuna, don na bayansa ba birki gare shi ba.

Wanda ya saba da hunturun Arewa ya sani iskar Legas da laima take, gumi ba ya bushewa, jiki kuwa sai ƙara zafi. A kurɓi ruwa a kowane zangon raba ruwa, amma a wuce teburinsa na farko, nan ake turmutsitsi, ƙasa duk santsi da robobi.

Sabon takalmi ranar tsere bororo yake jawowa. A yi kalaci mara nauyi awa biyu kafin tashi. Jiri ya kama, a tsaya a nemi ma'aikatan lafiya.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya