A Daina Zubar Da Ruwan Tarwada A Kwata, Lambu Yana Buƙatarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata sana'a da ta yawaita a unguwannin Kaduna, tun daga Rigasa da Tudun Wada har Kawo da Unguwar Rimi, wato kiwon tarwada a cikin gida, da kuma abin da ake yi da ruwan kifin idan ya ɓaci. Duk wanda yake maƙwabtaka da mai kiwon kifi ya san ranar canjin ruwa ba sai an gaya masa ba, domin ana buɗe bututu ne a saki koren ruwa mai ɗoyi ya bi kwata ya ratsa ƙofar gidajen mutane, daga nan sai cacar baki, wani lokaci har magana ta kai gaban mai unguwa. Ni ma na daɗe ina cikin masu yin haka, kuma maƙwabtana sun yi haƙuri da ni matuƙa, Allah ya saka musu da alheri. Abin da na fahimta daga baya shi ne, ruwan nan da muke zubarwa taki ne mai kyau, muna kuwa zubar da shi a daidai lokacin da buhun takin zamani yake neman gagarar manomi, sannan mu juya mu sayi wani ruwan a wurin 'yan garuwa, ko mu ƙona fetur mu jawo shi daga burtsatse.

Akwai hanyar da ake haɗa kiwon kifi da lambu a ruwa guda, wadda masana suke kira akwafonik, kuma bayaninta ba shi da wuya. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kunnuwan da yake numfashi da su da kuma ta kashinsa, kuma taruwar wannan sinadari ce take sa ruwa ya zama guba a gare shi. Idan aka bi da ruwan ta cikin tsakuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sukan zauna a jikin tsakuwar, kashi na farko su mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda shi ne abincin da saiwar tsiro take nema. Tsiron da aka dasa a cikin tsakuwar ya zuƙe naitiret ɗin, ruwan ya koma wa kifi a tace. Ba a canza ruwan, ciko kawai ake yi na abin da rana da ganye suka shanye, wanda bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a rana ba, wato lita 10 zuwa 30 ga mai tankin lita 1,000.

Nawa tsarin bai ci fili ba. Tanki ne na roba mai keji, irin mai cin lita 1,000, sai duro guda a gefensa inda kashin kifi yake kwantawa kafin ruwa ya wuce, sai kwamin shuka guda biyu da aka yi da wani tankin da aka yanka, aka ɗora su a kan ƙafafun ƙarfe da masu walda na kasuwar Panteka suka haɗa mini. Zurfin tsakuwa a kwamin santimita 30 ne, kuma akwai wani ɗan bututu mai murfi da yake barin ruwa ya cika kwamin sannan ya zuƙe shi da kansa, domin saiwa da bakteriya duk suna buƙatar iska kamar yadda suke buƙatar ruwa. Duron nan na tace ƙazanta kada kowa ya raina shi, domin tarwada tana da yawan kashi, idan kuwa ya toshe tsakuwa to wari zai dawo. Laka da nake kwashewa daga ƙasan duron, gindin gwanda nake kai ta. Wanda zai sayi tankin hannu ya tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, ya guji wanda ya ɗauki sinadarin masana'anta, haka kuma ya ɗiga ruwan lemun tsami a kan tsakuwar da zai saya, idan ta yi kumfa to dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa rage tsamin ruwan fiye da kima. Abin da ake so shi ne ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, ya tsaya tsakanin 6 da 7. A kuma tuna cewa lita 1,000 na ruwa nauyin tan guda ne, saboda haka a ajiye tankin a kan daɓe mai ƙarfi, a rufe bakinsa da raga saboda yara, kuma saboda tarwada tana tsalle.

Inda na fi so masu karatu su tsaya su saurara shi ne batun haƙuri a farkon aiki, domin nan ne na yi asara. Ranar da aka gama haɗa mini kayan, washegari na zuba 'ya'yan kifi da yawa na fara ba su abinci yadda na saba, ina ganin tun da ruwa yana zagayawa ai magana ta ƙare. Kafin mako biyu sun daina cin abinci, suna tsayawa a tsaye a saman ruwa, na riƙa kwashe matattu kowace safiya. Laifin ba na mai sayar da kifin ba ne, ba kuma na abincin ba. Bakteriyar da za su yi aikin ne ba su riga sun yawaita a tsakuwar ba, kuma yawaitarsu takan ɗauki mako 4 zuwa 6. A wannan tsakani kifi kaɗan ake sawa da abinci ɗan kaɗan, ana gwada ruwan da ɗan kayan gwaji irin mai canza launi, har sai amoniya da naitirait sun sauka ƙasa naitiret ya bayyana. Mai amfani da ruwan famfo kuma ya bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya zuba, domin kilorin da ake sawa don kare lafiyarmu yana kashe waɗannan bakteriya ma. Gaggawa a nan ba ta haifar da komai sai gawar kifi.

Kuskure na biyu da muka gada daga kiwon da muka saba shi ne cunkoso. Littafin jagora da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2014 domin ƙananan masu wannan aiki ya ba da shawarar kada nauyin kifi ya wuce kilo 20 a lita 1,000, kuma kowane murabba'in mita na ganye yana ɗaukar ƙazantar giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana, masu 'ya'ya irin su tumatir kuwa giram 50 zuwa 80. Ma'ana, faɗin lambun ne yake yanke yawan abincin da za a zuba, abincin kuma ya yanke yawan kifin. Wanda ya cusa tarwada ɗari uku a tanki guda ya dasa latas goma a gefe, bai yi komai ba, zai koma buɗe bututu zuwa kwata.

Sai batun wuta, wanda a Kaduna ba a wuce shi da gudu. Famfon da yake zagaya da ruwan ƙarami ne, bai kai firji cin wuta ba, amma ana so ya juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a kowace awa, dare da rana. Shawarata ita ce kafin mutum ya sayi kifi ko ɗaya ya fara tanadin farantin sola da batir. A nan tarwada ta fi karfasa dacewa da mu, domin tana iya shaƙar iska kai tsaye idan ruwa ya tsaya na wasu awoyi, karfasa kuwa ba ta da wannan juriya. Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. A hunturun Disamba da Janairu ruwa yakan yi sanyi da dare, tarwada wadda ta fi son zafin digiri 26 zuwa 30 sai ta rage ci, don haka a rage abinci a kuma lulluɓe tankin. A zafin Maris da Afrilu kuwa rumfa ake yi wa tankin, a bar wa shuka rana.

A kwamina alayyahu da latas da ɗoɗɗoya da na'a-na'a da lawashi sun yi kyau tun farko, tumatir da attaruhu kuwa sai da tsarin ya yi wasu watanni. Idan sabon ganye ya fara yin rawaya, galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, akwai kuma wanda ake saya a ƙara. Maganin ƙwari ba ya kusantar wurin ko kaɗan, domin abin da aka fesa wa ganye cikin tankin kifi zai ƙare, sai dai a cire ƙwari da hannu ko a rufe da raga.

Ba na so kowa ya ɗauka wannan hanyar kuɗancewa ce cikin wata uku, kamar yadda wasu masu tallar horaswa suke faɗa wa matasa da 'yan fansho. Abincin kifi yana da tsada, sola ma haka, kuma ba a shuka masara ko dawa a ciki. Abin da yake bayarwa shi ne ganyen miya mai tsabta a tsakar gida har cikin rani, da kifin ci lokaci zuwa lokaci, da sauƙin kuɗin ruwa, da zaman lafiya da maƙwabta.

Ina kira ga cibiyar yaɗa ilimin noma ta ƙasa, wato NAERLS, da ke Samaru a Zariya, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da Kwalejin Noma da Kiwo da ke Mando, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su kafa ƙaramin samfuri wanda jama'a za su je su gani da idonsu, su kuma fitar da bayanin cikin Hausa a takarda da rediyo, tare da taimakon masanan cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Ina kuma roƙon masu shagunan abincin kifi a cikin gari su riƙa kawo kayan gwajin amoniya da naitirait da pH, domin ni sai da na yi saƙo daga wani gari kafin na samu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rimi, Kaduna.