Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗinki da Saƙar Kayan Jarirai

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a bana, da kurakuran da suka fi maimaituwa, da ƙa'idojin da kwamiti ya tsayar don aikin baɗi.

Aikinmu ya tsaya a kan kaya biyar: hula, safa, mayafin naɗe jariri, ƙyallen tare yawu, da 'yar rigar da ake ɗaurewa ta gefe. Babban sauyin da aka samu shi ne teburin bincike. Yanzu ba a naɗe kaya a matsayin kyauta sai mutum biyu sun juya cikinsa waje, sun ja kowane ɗinki da hannu, sun kuma tabbatar an wanke shi. Yawancin kayan da aka mayar wa masu su ba munana ba ne. Wasu ma sun fi kowanne kyau a ido, aibin yana ciki.

Saƙa

Matsalar hula awo ce. Zagayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36, kuma saƙa tana miƙewa, don haka ana yin hular ta gaza kan da santimita 2 ko 3. Da ulu mai matsakaicin kauri da allura mai milimita 4, ido 22 (wato madaukan zare da ke kan allura) ne ke ba da santimita 10. Ke nan ido 68 zuwa 72 ya isa zagayen hula, tsayinta kuma santimita 12 zuwa 13. Amma hannu ya bambanta: wata tana matse zare, wata tana sake shi. Shi ya sa muka wajabta saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 kowane gefe, a wanke shi, a auna, kafin a fara ainihin aikin. Masu tsallake wannan mataki su ne ke kawo hular da sai ɗan shekara guda. Ƙullin ulu mai giram 50 yakan fitar da hula ɗaya da safa ta ƙafa biyu.

A kan safa muka fi daɗewa, kuma da dalili. Tsawon tafin ƙafar jariri sabon haihuwa kusan santimita 8 ne, wannan mai sauƙi ne. Haɗarin yana cikin safar. Idan aka canza launi aka bar zare yana ratsawa ta ciki, ko aka yanke bakin zare ba a soke shi ba, silin zai iya naɗe ɗan yatsa ya tsuke shi har jini ya daina zagayawa. Jaririn zai ta tsala kuka, uwa ta duba ko'ina ba ta ga komai ba, alhali abin yana cikin safa. Ƙa'idar yanzu ita ce launi ɗaya a safa da safar hannu, kuma kowane bakin zare a bar masa santimita 10, a soke shi cikin saƙar gaba da baya, sannan a datse. Ƙulli kaɗai ba ya riƙewa, wanki uku ya warware shi.

Mun daina amfani da ulu mai gashi-gashi, domin yana zubar da zare a baki da hancin jariri. Haka ma saƙar kwarashi mai manyan ramuka: duk ramin da ƙaramin yatsan babba ya shiga, yatsun jariri za su maƙale a ciki.

Ɗinki

Yadin auduga yana shigewa a wankin farko, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, mai laushin nan na sanyi ma ya fi haka. Illar ta fi fitowa a ƙyallen tare yawu, inda ake haɗa auduga a sama da tawul a ƙasa. In ba a wanke su kafin yanka ba, ɗaya zai shige ya bar ɗaya, ƙyallen ya murɗe, guga kuma ba ta gyara shi. A wanke, a shanya, a goge, sannan a sa almakashi. Yadi mai duhun launi kuma a gwada shi: a jiƙa gefensa, a ɗora farin ƙyalle, a danna da dutsen guga. In farin ya ɗauki launi, yadin yana zuba, a ajiye shi don wani aiki.

Mayafin naɗewa mun tsayar da shi a santimita 110 zuwa 120 kowane gefe, falle ɗaya, da kalmasa mai ninki biyu. Wanda bai kai mita ɗaya ba yakan kwance da zarar jariri ya motsa.

Rigar gefe ta samu karɓuwa saboda ba a cusa ta ta kai, kuma ba ta gugar cibiya kafin ta faɗi, wanda yakan ɗauki mako 1 zuwa 3. Ana rufe ɗinkinta ciki da waje don kada bakin yadi ya taɓa fata. Ga masu ɗinka yadi mai talewa, allurar keke mai kaifi ce ke huda shi har ya riƙa tsinkewa a layin ɗinki. A sa mai dunƙulallen baki. Wata shawara kuma: kowa jariri sabon haihuwa yake yi wa kaya, ga shi kuwa nauyinsa yakan ninka kafin ya cika wata 6. Baɗi rabin rigunan za a yanka su ne a awon ɗan wata 3 zuwa 6.

Abubuwan da aka soke

Botin, duwatsun ado, ƙyalƙyali da idon roba na 'yar tsana duk sun fita daga jerinmu. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe yaro. Ido da baki a yi su da zare. An maye gurbin igiyar wuya da maɓalli mai ɗanawa, a dasa shi a kan yadi ninki biyu, domin a falle ɗaya yakan ɓalle da ɗan guntun yadin. Igiyar riƙe robar tsotso kada ta wuce santimita 22, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar Turai ta sa.

An yi muhawara mai zafi a kan matashin kai da katifar da ake zagaye gadon jariri da ita, domin suna cikin abin da iyaye suka fi nema. Kwamiti ya ƙi. Abu mai laushi kusa da fuskar jariri mai barci yana iya toshe masa numfashi, kuma Amurka ta haramta sayar da irin wannan katifar gefen gado tun 2022. Ba za mu ɗinka abin da za mu ce wa uwa kada ta yi amfani da shi ba.

Kowace kyauta yanzu tana tafiya da 'yar takarda a cikin ƙunshi, ba a jikin kaya ba. Tana faɗin irin yadin, da yadda ake wanke shi, da gargaɗi uku: a kwantar da jariri rigingine, a cire hula da ƙyallen yawu in zai yi barci, a daina naɗe shi da mayafi da zarar ya fara yunƙurin juyawa. Wajen naɗewar ma a sassauta daga ƙugu zuwa ƙasa, ƙafafu su samu lanƙwasawa.

Shirin baɗi

Za a ware zama biyu na farko don koyar da soke bakin zare da dasa maɓalli. Duk wadda za ta zo ta taho da tef ɗin awo, da allurar ulu, da ɗan gwajin saƙarta wankakke.

Kwamitin Gudanarwa