Zuwa ga Uwata, a kan takardar da kika aika

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya sanyin can? Mamanki na gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Yayarki ta nuna mini abin da kika rubuta wa ƙawar nan taki a kan maganar matar nan da ta yi bauta a gidan Kaka, kuma ta ce ƙawar tana so ta kai wa masu mujalla. Tun ranar barci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ni na sa ki a hanyar nan, ban musa ba. Shekarun da na yi ina koyar da tarihi, ke kaɗai cikin 'ya'yana kika riƙa ɗaukar littattafaina, kuma da kika ce binciken digirinki a kan wasiƙun matan da suka yaƙi bauta a Amurka zai kasance, ni na tsaya miki gaban baffanninki. To tunda kin san su, bari in tuna miki da Angelina Grimké. 'Yar alƙali ce a garin Charleston da ke kudancin ƙasar Amurka, gidansu cike da bayi. A 1835 ta rubuta wa Garrison, wani ɗan jarida mai yaƙi da bauta, wasiƙa, tsakaninta da shi, sai ga ta a jaridarsa The Liberator ba tare da ya nemi izininta ba. A 1836 ta yi kira ga matan Kudu a rubuce su tashi su yaƙi bauta, aka ƙone takardun a bainar jama'a a garin haihuwarta, aka kuma aika mata cewa in ta dawo za a kama ta. A 1838 tana jawabi a Filadelfiya ana jifan tagogi, washegari aka banka wa zauren wuta. Ku a jami'a jarumtarta kuke karantawa. Ni abin da nake gani, yarinya ce da ƙofar gidan ubanta ta rufe a bayanta, mahaifiyarta tana ciki.

Wannan ne tsorona, Uwata. Ba zagi nake tsoro ba, an zage ni kafin a haife ki. Ina tsoron ranar da za ki sauka da jakarki, ki shiga gidan Kaka, a amsa sallamarki daga nesa, mata su tashi ɗaya bayan ɗaya. Kin san halin Gwaggo. Kin san abin da ya faru bayan rabon gado, har yau akwai waɗanda ba sa zuwa mana suna.

Kuma wa ya ba ki labarin nan? A zaure aka faɗa miki, don ke 'yar gida ce. Jikokin matar nan suna raye, suna da 'ya'ya mata da ake nema da aure, kuma kin san irin binciken asali da ake yi a garinmu. Kin tambaye su? Ko kuwa don kin yi nisa kin ɗauka kowa ya zama darasi? Harriet Jacobs, wadda ta tsere daga bauta, labarin kanta ta rubuta, ita da ta yi kusan shekara bakwai a ɓoye a ƙarƙashin rufin gidan kakarta, amma sai da ta yi ta kai-kawo a wasiƙunta ga ƙawarta Amy Post kafin ta yarda, kuma da littafin ya fito a 1861 ta sauya sunanta da sunayen mutanen ciki. Lydia Maria Child da ta gyara mata shi ta san tsadar abin, don bayan nata littafin na sukar bauta na 1833, iyaye sun janye daga mujallar yara da take shiryawa har ta bar ta.

Ban ce ƙarya kika rubuta ba. Gaskiya ce, ni ma na san ta, kuma shirun da na yi ba na tsoro ba ne, zumunci nake riƙo da shi. Amma magana zarar bunu ce. Ki karɓo takardar daga hannun ƙawarki yau. In kin zo hutu ni da kaina zan raka ki wurinsu, ki zauna ki ji ta bakinsu, in sun yarda ki rubuta da sunan da suka zaɓa.

Ki kira mamanki ranar Juma'a, ban gaya mata komai ba tukuna. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifinki